TestDisk: in ekstanal ɗinka ya ƙi buɗewa, fara da wannan

Duk wanda ya jona ekstanal, wato dis ɗin ajiya da ake jonawa ta USB, kwamfuta ta ce masa sai an yi fomatin kafin a yi amfani da shi, don Allah kar ya yarda, ya nemi TestDisk tukuna, manhajar ceto fayiloli ce. Kyauta ce, wani Bafaranshe Christophe Grenier ne ya rubuta ta tun 1998, tana aiki a Windows da Linux da Mac, kuma ba sai an yi instolin ba, ka sauke ka warware ka buɗe shikenan.

Nawa ekstanal ɗin fitilarsa na kamawa, in ka ɗora hannu kana jin yana juyawa lafiya, amma a Disk Management na Windows sai ya nuna RAW, wato bai gane tsarin dis ɗin ba, maimakon NTFS, tsarin da Windows ke jera fayiloli da shi, chkdsk kuma, mai duba kurakuran dis a Windows, ya ce shi ba ya taɓa RAW. Yawanci a irin wannan halin fayilolinka suna nan daram, teburin fatishon, wato bayanin yadda aka rarraba dis ɗin, ko farkon fatishon ɗin ne ya lalace, kamar littafin da aka yage masa shafin da ke nuna babi-babi.

Abin da ya sa na yarda da TestDisk shine ba ta rubuta komai a kan ekstanal ɗin sai ka ce ta rubuta. Ka zaɓi dis ɗin, ka shiga Analyse sannan Quick Search, in ta gano fatishon ka danna P sai ga foldodinka da sunayensu yadda ka bar su, wallahi lokacin da na ga sunayen sun jero sai da na sauke ajiyar zuciya. Daga nan C ne kwafi, amma ka kwashe zuwa wani dis daban, kar ka mayar cikin mara lafiyan. Bayan na kwashe ne na shiga Advanced na yi Backup BS, saboda NTFS yana ajiye kwafin wancan farkon a can ƙarshen fatishon, aka dawo da shi ekstanal ya buɗe.

Inda ba ta da daɗi, baƙin allo ne da rubutu zalla, babu maus sai kibiyoyin kibod, sabon shiga zai iya rikicewa, kuma in ka danna Write a kan fatishon da ba shi ba ne ka ƙara dagula lamarin. Deeper Search ma a kan 1TB ta USB sai ka ba shi awoyi. PhotoRec da ke zuwa tare da ita tana kwaso hotuna da bidiyo ko da komai ya wargaje amma sunaye sun tafi, sai lambobi cikin foldodin recup_dir, tantancewa aiki ne ja.

Kuma gaskiya ba ta gyara ƙarfe. In kana jin ƙas-ƙas ko yana ɗaukewa yana dawowa, fara canza kebul da ramin USB, in bai daina ba cire ekstanal ɗin, dogon bincike ƙarasa shi zai yi. Duba shi da CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar dis, in layin 05 ko C5, masu ƙirga wuraren da suka lalace a dis ɗin, sun yi ruwan ɗorawa to ya fara mutuwa, a ɗauki kwafinsa gaba ɗaya da manhajar ddrescue a yi aikin a kan kwafin.

Wanda kuma ya kwashe kayansa fomatin ya ƙi, diskpart na Windows, wanda ake rubuta masa umarni, shi ne zai yi, list disk, select disk, sannan clean, a duba girman dis ɗin da kyau don clean share tsarin dis ɗin yake gaba ɗaya kuma ba ya tambaya. In shi ma ya kawo kuskuren I/O, wato ya kasa karantawa ko rubutawa, ko da sabon kebul, ni dai ba zan sake ajiye komai a ciki ba.