The Reader na Bernhard Schlink: littafi ne mai kyau amma ya so ya yi mana wayo

Da Jamusanci aka fara buga shi a 1995, fassarar Turancin ta fito 1997, ita na saya. Ba shi da kauri, shafi 200 ne da 'yan kai, babi-babin gajeru, Turancin ma ba ya sa ka neman ƙamus. Wanda ba ya so a ɓata masa labari ya tsaya nan don zan fasa ƙwai.

Hanna Schmitz, matar da labarin ke kanta, tana aiki a kamfanin Siemens aka ce za a ƙara mata girma, sai ta bar wurin ta shiga aikin gadi a rundunar SS ta Hitler, a wani sansanin fursunoni kusa da birnin Krakow na Poland. Duk wata ana kawo sababbin mata daga sansanin kisa na Auschwitz, masu gadi kuma su zaɓi 60 a mayar can a kashe. Sai daren da bam ya faɗa kan cocin da suka kulle ɗaruruwan fursunoni mata, wuta ta kama, babu wadda ta buɗe ƙofa, wata uwa da 'yarta kaɗai suka fita da rai.

Bayan yaƙi aka gurfanar da Hanna da wasu masu gadin a kotu, wurin kotun nan shi ne kuɗina ya fita. Alƙali ya ce me ya hana ku buɗewa, matar nan ba ta ma ce tsoro ta ji ba, cewa ta yi ai in an buɗe za su tsere kuma su aka damƙa wa tsaronsu, wato ita a kanta mutane na ƙonewa amma lissafinta kar aiki ya lalace, sannan ta juya ta tambayi alƙalin shi da me zai yi, bawan Allah ya yi tsit. Schlink ɗin kansa malamin shari'a ne kuma ya yi alƙalanci, shi ya sa wurin ya fito ɗas.

Inda muka raba hanya da shi, sirrin Hanna. Ashe ba ta iya karatu da rubutu ba, kunyar haka ta sa ta guje wa ƙarin girman, kuma ita ta sa ta amsa cewa ita ta rubuta rahoton gobarar don kar a ce ta yi rubutu a gani, aka yi mata ɗaurin rai da rai, sauran suka sha da sauƙi. To sai ka ga an karkatar da tausayinka gaba ɗaya ya koma kanta, matan cocin kuwa ko sunansu ba mu ji ba. Haba malam! Jin ihun mutum a cikin wuta ai ba ya buƙatar sanin baƙi.

Michael mai ba da labarin, tsohon saurayin Hanna, shi ma ba kanwar lasa ba ne, yana ɗalibin lauya yana zaune a kotun, ya gane sirrin, ya je har ofishin alƙali ya fito bai faɗa ba, daga baya ya koma aika mata kaset-kaset da yake karanta mata littattafai a kurkuku ba ko wasiƙa guda.

Gargaɗi: kashi na farko soyayya ce tsakanin Michael yana yaro ɗan 15 da Hanna 'yar 36, an bayyana abubuwa ɓaro-ɓaro, kar a bar shi inda yara za su ɗauka. Tauraro 4 cikin 5 na ba shi, ɗayan na cire ne saboda uzurin jahilcin nan.