Gargaɗi: a kula da masu cewa za su tausasa sautin lasifika mai tsada

Jama'a, duk mai lasifikar gida irin su Bowers & Wilkins, Focal, KEF ko Dynaudio ya yi hattara da masu tallar gyaran sauti a Facebook da WhatsApp. Ƙorafin da suke fakewa da shi gaskiya ne: lasifika mai fito da komai dalla-dalla takan tona asirin waƙar da ba a naɗa da kyau ba, harafin "s" ya riƙa sukar kunne, mutum ya saurara rabin awa ya gaji. Sai su ce a ba da kafin alƙalami a kawo musu, za su zuba kayan Jamus da Denmak sauti ya yi laushi.

Babbar ɓarnar a kan tuwita ake yin ta, wato ƙaramar lasifikar sama mai fitar da siririn sauti. Ta jerin 800 na Bowers & Wilkins da lu'ulu'u aka yi kanta, ta manyan Focal kuma da ƙarfen beriliyam, kuma tana cikin sassa mafi tsada a akwatin. Macuci zai kwance ta, ya ɗaura mai kama da ita a fuska, ya sayar da ta ainihin. Abin takaici, sautin zai lafa kuwa, domin ta jabun ba ta kai inda ta ainihin ke kaiwa, sai mai kaya ya biya yana godiya. Saboda haka kafin kowa ya taɓa, ku ɗauki hoton kan kowane noti, domin wanda aka kwance yakan nuna ƙarzar sukurudireba. In an cire ta a gabanku, ku ɗauki hoton bayanta: takardar lamba, girman maganaɗisu, launin wayoyi. Ku sa mitar da ke auna om, wato ma'aunin yadda abu ke tare wutar lantarki, a ƙafafunta biyu inda wayoyi ke shiga, ku rubuta abin da ta nuna. Mai om 8 takan nuna wajen 6, mai om 4 wajen 3, kuma ta dama da ta hagu dole su yi kusa da juna. Kada a danna kan beriliyam da yatsa. In ya fashe, ƙurarsa guba ce.

Sai kurosoba, allon da ke raba sauti tsakanin tuwita da wufa, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri. Sukan kawo sabo a cikin ƙaramin akwati cike da baƙin danƙo da ya daskare, wai sirrin sana'a suke karewa. Wannan cinikin biri a sama ne. Ba ku ga abin da ke ciki ba, in ya lalace kuma ba mai iya gyara shi. Ko a buɗe yake, suna a jikin kafasita, ɗan gwangwanin da ke tace sautin da zai je tuwita, ba hujja ba ne. Kamfanonin Mundorf da Jantzen kayan ƙwarai suke yi, amma buga suna a roba ba ya yi wa mai jabu wuya, har ma akan cusa ƙaramar kafasita cikin babban gwangwani. A auna ta da mitar da ke karanta maikirofarad, wato ma'aunin ƙimar kafasita, a kwatanta da abin da aka rubuta. In ta kauce fiye da kashi 5 cikin 100, a mayar masa da abinsa.

Ƙimar kafasitar ita ce komai. A hanya mafi sauƙi, mai maikirofarad 4.7 a gaban tuwita mai om 8 tana fara tare sautin da ke ƙasa da Hz 4,200 (Hz ma'aunin sirantar sauti ne: yawan lamba, sirantar sauti). A sa mai 10 da sunan ƙarin armashi, iyakar ta sauko wajen Hz 2,000, tuwita ta ɗauki nauyin da ba nata ba, siririyar wayar cikinta ta yi zafi ta ƙone. Ba ranar za ta ƙone ba, sai ranar da aka ƙure murya, lokacin mai aikin ya daɗe da kashe waya.

Gaskiyar aikin kuwa ba ta da tsada. Don rage tuwita mai om 8 da desibel 2 (desibel ma'aunin ƙarar sauti ne), resista biyu kawai ake buƙata, wato ƙananan sassa masu rage ƙarfin wuta, masu wat 10: ɗaya mai om 1.6 a jere da tuwitar, ɗaya mai om 31 zuwa 33 a gicciye kan ƙafafunta. Biyun tare ake sawa domin kurosoba ya ci gaba da ganin om 8. Mai sa resista guda babba shi kaɗai ya gusar da wurin rabon sautin. Kafin ma a kai ga dalma, a gwada abin da ba ya cin ko kwabo: a daina saita lasifikar daidai kunne, a ɗan juya fuskarta ta kalli gaba, a shimfiɗa kafet mai kauri a kan tayil tsakaninta da kujera, a sa labule a taga. In akwai ikwalaiza, wato na'urar ƙara ko rage wani sashe na sauti, a rage desibel 1 ko 2 tsakanin Hz 2,000 da 5,000, inda kunnen ɗan Adam ya fi ji. Sau da yawa ɗakin ne mai laifi.

Wajen gwaji ma akwai wayo. Mai aikin zai ɗan ƙara murya bayan "gyara", kunne kuwa yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi daɗi. Ku zo da waƙoƙinku, har da wadda ta fi damun ku, ku yi wa maɓallin murya alama, kada ya motsa.

Aiki a gidanku za a yi shi, a gabanku, lasifika ɗaya tukuna domin a kwatanta da 'yar'uwarta. Tsofaffin kaya a ba ku a leda, don duk ranar sayarwa mai saye zai nemi na ainihi, kuma buɗe akwatin kan iya soke garanti. Wanda ya riga ya tura kuɗi ya adana shaidar turawa da hotunan hirarsu, ya sanar da bankinsa a ranar, sannan ya kai ƙara wurin 'yan sanda.