Zaman masu ciwon suga nau'i na ɗaya: abin da ya amfane ni da inda ya gaza

Nas ɗin da ke duba mu a asibiti ce ta fara yi mini maganar wannan zama, ranar da gwajin HbA1c ɗina ya sake fitowa sama da 9. Gwajin nan shi ke nuna yadda suga ya kasance a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma abin da ake so ga yawancin manya shi ne ƙasa da 7. Ba ta yi mini faɗa ba, ta dai ce da alama na gaji, kuma akwai mutanen da suka fi ta sanin irin wannan gajiyar. Na karɓi lambar wayar masu zaman ne don kada ta ga na raina shawararta. Yanzu da na ɗan jima ina zuwa, ga mai neman amsa a gurguje: zaman yana da amfani, zan kuma ci gaba da halarta. Sai dai akwai abubuwan da in da ni ke jan ragamarsa da tuni na sauya su.

Tsarin ba shi da wani rikici. Ana haɗuwa sau ɗaya a wata, wajen awa biyu. Mai jagorancin zaman shi ma ciwon gare shi, ya daɗe yana fama. Akwai nas da ke zama a gefe, ba ta cika sa baki ba sai an tambaye ta ko ta ji ana shirin yin ɓarna. Sannan duk sabon shiga ana haɗa shi da wani tsohon hannu wanda zai iya kira a waya tsakanin zama da zama.

Abin da ya fara saye ni shi ne masu nau'i na ɗaya kaɗai ake ɗauka. Wanda ba ya ciki zai ga wannan ƙaramin abu ne. Cikin masu ciwon suga duka, mu ba mu wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba, don haka duk wanda ya ji ciwonka, nau'i na biyu yake hangowa, irin na kawunsa da ke shan ƙwaya. Sai shawara ta yi ta zuba: rage ƙiba, bar zaƙi, dafa ganye kaza ka sha da safe. Ni da ba ni da ƙibar da zan rage. Namu garkuwar jiki ce ta juya ta kashe ƙwayoyin da ke yin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, a cikin pankiriyas, kuma babu ganye ko horon baki da zai dawo da su. Shekaru na yi ina maimaita wannan bayani har na ƙosa na koma cewa "to, na gode". A wannan ɗaki ban taɓa buƙatar yinsa ba.

A zuwana na farko wani saurayi yana cikin ba da labarin yadda ya kwashe da maigidansa a wurin aiki, sai na'urar auna suga da ke liƙe a dantsensa ta sa wayarsa ƙara. Ya leƙa, ya zaro ɗan kwalin lemo daga aljihu, ya huda ya zuƙe, ya ci gaba da labarinsa daga inda ya tsaya. Babu wanda ya zabura, babu mai cewa "sannu, ko ka kwanta?" Matar da ke kusa da shi ce kawai ta dubi agogonta. Can bayan kamar minti 15 ta taɓa shi da gwiwar hannu, ya sake dubawa, ya gyaɗa mata kai. Ƙa'idar da aka koya wa kowannenmu ce: in suga ya sauka ƙasa da 70, a sha abin da ke ɗauke da giram 15 na suga mai saurin shiga jini, a jira minti 15, a sake gwadawa. Na san ta a takarda. Amma ban taɓa ganin an yi ta a gaban mutane ba tare da kunya ba. Ni a lokacin banɗaki nake shiga in yi allura in na fita, in suga ya faɗi kuwa sai in daure da rawar jiki da gumi har in samu inda ba ido.

Ilimin da ke yawo a wurin shi ma ba na yarwa ba ne, domin irin wanda likita ba ya samun sararin faɗa ne a 'yan mintunan da yake ba ka. Na yi ƙorafin cewa insulin ɗina wani lokaci kamar ruwa nake zubawa, wani lokaci kuma ya fyaɗa ni da ƙasa. Wata dattijuwa ta ce in nuna mata inda nake allura. Ta dafa gefen cibiyata ta ce, "'Yata, kin ji wannan kullutun? Nan kike so saboda ba ya zafi, ko?" Haka ne kuwa. Nas ta duba ta tabbatar: yawan soka wuri ɗaya yana tara kitse a ƙarƙashin fata, insulin kuma ba ya tsotsuwa daidai a irin wurin. Ta ce in bar wajen ya huta, in riƙa zagayawa, in kuma yawaita gwaji a kwanakin farko domin lafiyayyar fata za ta ja maganin fiye da yadda na saba. A nan kuma na ji dalilin da ya sa suga kan faɗi da tsakar dare bayan motsa jikin da aka yi tun da yamma, da dalilin da ya sa yake hawa da asuba alhali ba ka ci komai ba. Sai kuma ɗabi'ar da kusan kowa ya yi dariya da aka ambace ta: ka ga lamba ta hau, haushi ya kama ka, ka ƙara allura a kan allura, ka manta allurar insulin mai saurin aiki tana ɗaukar wajen awa huɗu tana aiki a jiki, sai su haɗu su kayar da kai.

Amma in za a ce in zaɓi abu ɗaya a duk tsarin, abokiyar wayar zan zaɓa. Wadda aka haɗa ni da ita ta girme ni sosai, Yaya nake ce mata. Wani dare zazzaɓi da amai suka kama ni, ko ruwa ba ya zama. Na kira ta ina tambaya ko in bar allurar dare tunda ban ci komai ba. Ta ce, "Ƙanwata, kada ki kuskura ki bar mai dogon aikin. Kina da abin gwajin kiton a gida?" Kiton shi ne sinadarin da ke taruwa in jiki ya rasa insulin. Na gwada, ya yi sama. Ba ta ce in ƙara kaza ko in rage kaza ba. Cewa ta yi in tashi wani ya kai ni asibiti yanzu, ta kuma zauna a kan layi har na shiga mota. Jikin da ba shi da isasshen insulin kitse yake komawa ƙonawa, kiton ya taru, jini ya yi tsami, kuma rashin lafiya na ƙara wa jiki buƙatar insulin ko da ciki babu komai. Ta san wannan don ta taɓa kwanciya a kansa. Ta kuma san inda nata ya ƙare, na likita ya fara.

To ba kowa ke da wannan sanin iyakar ba, kuma nan ne matsalar zaman ta farko. Akwai doka cewa ba a ba wa juna adadin insulin, ana ma karanta ta a farkon kowane zama. Amma da an tashi, a bakin ƙofa sai ka ji wani yana ce wa sabon shiga, "ni goma nake yi da dare, gwada ka gani." Adadin da ya dace da mai nauyi kaza da aiki kaza na iya sumar da wani. Ga kuma rikicin ma'auni: wasu na'urorinsu mg/dL suke nunawa, wasu mmol/L, tsakaninsu kuwa ninki 18 ne. Na ga wata uwa ta firgita da jin wani ya ce sugansa 6, alhali 6 ɗinsa shi ne 108 a tata na'urar, lafiya lau. Rubuta wannan a allo ba zai ci minti ɗaya ba, har yau ba a yi ba.

Masu tallan magani su ma sukan ɓullo. A nan kam na yaba wa jagoran. Wani ya zo da labarin garin da aka ce yana sa a ajiye allura gaba ɗaya, jagoran ya bar shi ya gama, sannan ya tuna mana cewa itatuwan nan duk suna nan tun fil azal, amma yaran da ciwon ya kama ba sa daɗewa a duniya, sai da Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a Toronto a 1921, aka fara yi wa wani yaro ɗan shekara 14, Leonard Thompson, a watan Janairun 1922. Bai ci wa mutumin fuska ba, bai kuma bar maganar ta kwana ba.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ban ga an ɗauke shi da muhimmanci ba, shi ne tazarar da ke tsakanin masu na'urar dantse da mu masu huda yatsa. Mai na'ura zai ɗaga waya ya nuna zane, ya ce sugansa ya zauna tsakanin 70 da 180 na kashi 70 cikin ɗari na lokaci, wanda shi ne abin da ake nema, a tafa masa. A gefensa kuma ga wanda yake ƙirga tsinkayen gwajinsa don su kai shi ƙarshen wata, yana zaɓar tsakanin gwajin safe da na dare. Wannan ba ya cewa komai. Bayan zama biyu-uku sai ka daina ganinsa. Wurin da aka buɗe don a sauke nauyin lambobi, wasu ranakun yakan koma wurin baje kolinsu, kuma waɗanda suka fi buƙatarsa su ne suke sulalewa.

Haɗa iyayen yara da manya a ɗaki ɗaya ma ban ga hikimarsa ba. Uwar da aka gano ciwon ɗanta makon jiya ba ta buƙatar jin labarin wankin ƙoda da yanke ƙafa daga bakin wanda ya shekara talatin da ciwon. Shi ma yana da haƙƙin ya faɗi tsoronsa, amma ba a gabanta ba. Akwai kuma wani bawan Allah da in ya karɓi magana sai lokaci ya ƙare, jagoran kuma yana jin nauyinsa. Haɗin abokin waya shi ma sa'a ce. Ni na dace, amma wata ta gaya mini nata ba ya ɗaga waya, ta kuma ji kunyar ta kai ƙara.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin zaman baki ɗaya. Gajiya da ciwon daban, ciwon damuwa daban. Wata yarinya ta taɓa cewa takan yi kwanaki ba ta gwadawa, ba ta kuma damu da abin da zai faru ba. Aka rarrashe ta, aka ce kowa ya taɓa jin haka. Da kyakkyawar niyya aka faɗa, amma abin da ta kwatanta na likitan ƙwaƙwalwa ne. Nas ɗin ce ta bi ta waje, ba don tsarin ya tanadi haka ba, don dai ita mai lura ce. Ya kamata a ce akwai hanyar tura irin wannan da aka tsara tun farko.

HbA1c ɗina ya sauko ƙasa da 8, bai kai inda ake so ba tukuna. Ba zan jingina shi duka ga zaman ba, domin likitana ya sauya mini tsarin allura a wannan tsakanin. Abin da zan iya rantsuwa a kai shi ne yanzu ina gwadawa ko da na san lambar ba za ta yi mini daɗi ba, ina kuma kai wa likita littafin gwajina yadda yake. A wurin cin abinci ma a kan tebur nake yin allurata.

Wanda zai nemi irin wannan zama, ya tambaya ko akwai ma'aikacin lafiya da ke halarta, ko nau'i na ɗaya ne zalla, da kuma wa ake kai wa ƙorafi in abokin waya bai yi ba. Ya je fiye da sau ɗaya kafin ya yanke hukunci, domin armashin zaman ya danganta da waɗanda suka zo ranar. Na wata mai zuwa a kan glucagon ne, maganin da ake yi wa wanda suga ya faɗi har ya suma. Tunda ba mai suman ne zai yi wa kansa ba, na nemi a bar kowa ya zo da mutum ɗaya daga gidansu, an kuma amince.