Maginan gyaran gida bayan ambaliya a Maradi: aikinsu da aibinsu

Tun ambaliyar daminar 2024 masu gyaran gidajen da ruwa ya ci suka yawaita a Maradi. Akwai wata ƙungiyar magina a unguwar Zariya da aikinta ya cancanci yabo.

Ba sa taɓa bango sai an kashe wuta daga kwantar NIGELEC, kamfanin wutar lantarki. Sannan su kankare filasta har santimita 50 sama da inda ruwa ya tsaya, domin danshi yana hawa cikin bulo ya fito da farin gishiri. Su bar bangon ya sha iska mako 2 zuwa 3. Kwaɓinsu siminti 1, yashi 3, da maganin hana ruwa na Sika. Ginin laka kuwa ba sa shafa masa siminti, don ba ya kamawa, ɓamɓarewa yake. Laka da ciyawa suke mayar masa, su gyara indararo.

Aibinsu fenti. In mai gida ya matsa, sai su shafa na mai kan ɗanyen filasta, bayan wata ɗaya ya kumbura. In kai ne mai gida, ka ce a jira hunturu, a fara da farar ƙasa.