Yaya, kada a bar Abba yana murza ido

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaida Hajiya da mutanen Ƙofar Ƙaura duka.

Da kika ce an sake canza wa Abba tabarau karo na uku, ni na san wannan hanyar, don na bi ta. Kin tuna yadda nake runtse ido ina leƙen allo, ana cewa rashin barci ne? Sai da na zo Ingila likita ya sa na kafa haɓa a jikin wata na'ura mai zobban haske, cikin minti biyu ta zana taswirar idona. Ya nuna mini ja a tsakiya, ya ce sunan ciwon keratokonus: tantanin nan mai sheƙi da ke gaban baƙin ido ne yake sirancewa, yana tsini kamar mazurari. Shi ya sa fitilar mota ɗaya nake ganinta uku da jela. Yakan fara ne a shekarun balaga, kuma murza ido na ƙara ta'azzara shi. Ki tuna ƙaiƙayin da ƙurar hunturu ke sa mu.

An yi mini aiki a idon dama. Ana ɗiga sinadarin bitamin B2, a haska wani haske na musamman, tantanin ya yi ƙwari. A Dresden ta Jamus aka ƙirƙiro dabarar. Ba ta dawo da ganin da ya tafi, tsayar da lalacewar take yi, don haka sammako ne maganinsa. Kwana uku na yi ido na zafi kamar an watsa barkono. Yanzu ina sa ruwan tabarau mai tauri a kan ƙwayar idon, ina cika shi da ruwan gishiri na asibiti kowace safiya. Ranar farko na tsaya ina ƙirga ganyen bishiya, sai hawaye.

Kada ki ɗauka nan komai a sauƙaƙe yake. Kuɗin lafiya kaɗai ɗalibi na biyan fam 776 a shekara tun wajen neman biza, kuma na yi watanni ina jiran layi. A gida yau ka je, yau likita zai gan ka, har ya tambaye ka mutanen gida. Ina kewar wannan.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba mai sayar maka da maganin ɗigawa mai siteroyid ba takardar likita. Mu kuwa kemis zai miƙo maka, ƙaiƙayi ya lafa, a hankali hawan jinin ido ya shigo. Don Allah ki duba kwalbar da Abba ke amfani da ita, ki turo mini hotonta.

Ku kai shi Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ku ce a duba siffar tantanin, ba lambar tabarau kawai ba. In ƙaiƙayi ya taso, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan randa a ɗora masa. Kuɗin mota na turo wa Baban Abba jiya.

Ƙaninki.