Ƙoƙon kai ko ƙashin ƙugu: wanne ya fi nuna namiji da mace?

Ƙanwata, tambayarki ita ce: in masu haƙa harsashin gini a Arkilla suka ci karo da ƙoƙon kan mutum, za a iya gane na namiji ne ko na mace? Kuma don me malaminku a Jami'ar Danfodiyo ya ce ƙugu ya fi?

Malaminki ya yi gaskiya.

A ƙoƙon kai wurare biyar ake dubawa: tudun da ke tsakanin gira biyu, bakin kwarmin ido na sama, ƙullin ƙashin bayan kunne (taɓa naki yanzu, za ki ji shi), tudun ƙeya, sai haɓa. Na namiji galibi tudun goshinsa ya fito, ƙullin bayan kunnen babba ne, haɓar mai faɗi, bakin kwarmin idon kuma dakusasshe. Na mace goshin a miƙe yake, ƙashin sumul, bakin kwarmin da ɗan kaifi. Kowane wuri ana ba shi maki daga 1 (siffar mace) zuwa 5 (siffar namiji), tsarin da masana ƙashi Buikstra da Ubelaker suka fitar a 1994, Phillip Walker ya ƙara masa lissafi a 2008.

To, ina za ki kai mai maki 3? Nan gizo ke saƙa. Matashin da bai gama cika ba kansa yakan yi kama da na mace, tsohuwa kuma nata yakan yi kauri har a ɗauka namiji ne. Ga shi ƙasusuwan da aka gina ma'aunin a kansu galibi na mutanen Amurka da Ingila ne, ba na Gobirawa ko Fulanin Sakkwato ba.

Shi ƙugu, haihuwa ce ta tsara shi. Na mace buɗaɗɗe ne don kan jariri ya wuce, kusurwar ƙarƙashin mara da faɗi. Ta namiji a tsuke. Wani masanin ƙashi mai suna Phenice a 1969 ya duba alamomi uku kacal a ƙashin mara, ya dace kashi 96 cikin ɗari.

Yaron da bai balaga ba kuwa, duka biyun ba abin dogaro ba ne, sai gwajin DNA daga haƙori ko ƙashi.

Abin takaicin, ƙashin marar nan shi ya fi saurin karyewa, diga ɗaya ya ishe shi. In aka ga ƙoƙon kai, a ajiye kayan haƙa, a kira 'yan sanda, a bar sauran ƙasusuwan yadda suke a ƙasa.