A wane gidan mai ya kamata ɗan Zariya ya sha fetur?

Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, wannan tambaya ba ta da wuyar amsa. Gidan man NNPC ne ke sayarwa a farashin gwamnati, sauran kuma kowa da nasa, don haka mai haƙurin layi ya san inda zai nufa. Yanzu abin ya sauya, amma da yawa daga cikinmu har yau tsohon lissafin muke yi.

Shi kansa NNPC ba na da ba ne. An kafa shi a 1977 a matsayin hukumar gwamnati, sai dokar man fetur ta 2021 ta mayar da shi kamfanin kasuwanci, kuma tun watan Yuli 2022 yake amsa sunan NNPC Limited. A shekarar ce kuma ya sayi kamfanin OVH Energy mai gidajen man Oando, wajen guda 380, aka sauya musu fenti. Kamfani ne mai neman riba kamar kowa. Matatarsa ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1980, mai ƙarfin tace ganga 110,000 a kullum, ta yi shekaru ba ta ba mu fetur ba, duk da tana nan kusa da mu, tafiyar da ba ta wuce kilomita 80 da ɗoriya ba. Wannan abu yana yi mini ciwo ƙwarai, domin shi ya sa man da muke sha yake tasowa daga Kudu a bayan tanka, kuma kuɗin dakon yana cikin kowace litar da muka biya.

To, me gidan man NNPC yake da shi? Farashinsa kan zauna wuri guda na ɗan lokaci, kuma idan mai ya yi wuya shi ne ba ya saurin tsawwalawa. Sai dai a lura, ba duk gidan da ke ɗauke da tambarin NNPC ne kamfanin ke gudanarwa da kansa ba. Wasu na 'yan kasuwa ne da suka ƙulla yarjejeniya da shi. Matsalarsa ta kullum ita ce layi. Mai motar gida da zai cika tanki sau ɗaya a mako zai iya jurewa. Mai Keke Napep da ke jigila tsakanin Kwangila da Samaru kuwa, awa guda a layi fasinjan sawu biyu ne ya rasa, kuma ragin da ya samu a lita biyar ba zai biya shi ba.

Sai manyan dillalai irin su TotalEnergies, MRS da AP. Tun da matatar Ɗangote da ke Lekki, mai ƙarfin ganga 650,000 a kullum, ta fara fitar da fetur a watan Satumba 2024, wasu daga cikinsu suka riƙa ɗauko mai kai tsaye daga can. An sha ganin Ɗangote ya rage farashi, gidajen MRS sun sauke, sannan NNPC ya biyo baya. Shi ya sa nake cewa kada kowa ya ɗauka NNPC ne mafi araha sai ya karanta allo da idonsa a ranar.

'Yan kasuwa masu zaman kansu, 'yan ƙungiyar IPMAN, su ne suka fi yawa a garin nan da kan hanyar Kano da ta Funtuwa. Akwai manya a cikinsu masu tankokinsu da rassa a jihohi da dama, akwai kuma mai famfo biyu da ke jiran tanka ɗaya a wata. Farashinsu na bin abin da suka sayo a daffo: idan ya sauka, mai sabon kaya yakan riga kowa ragewa, mai tsohon kaya kuma ya riƙe har sai ya ƙarar. A nan ake samun mafi kyawun ciniki, a nan kuma ake samun mafi muni.

Abin da ya fi farashin allo muhimmanci shi ne mudun famfon. A ce gida biyu, ɗaya ya fi ɗaya araha da naira 20 a lita. A lita goma ka tsira da naira 200. Amma idan famfon mai arahar yana tauye rabin lita a cikin goma, kuma a ce lita naira 900 ce, ka yi asarar naira 450 kana murna. Gwajin ba shi da wuya. Ka sami jarka mai haske wadda ka riga ka auna, ka sa mata alama a daidai lita biyar, ka ajiye ta a ƙasa, ka ce a zuba maka lita biyar, ba man kuɗi kaza ba. Kafin yaron ya ɗaga bututu, ka duba mita ta koma sifili. Idan ya gama, ka bari kumfa ta kwanta, sannan ka duba alamar. Ka kalli man a hasken rana: fetur mai kyau garau yake, ba ya da gurɓi ko ɗigon ruwa a gindin jarka. Ka gwada gidaje biyu ko uku a kan hanyar da ka saba bi, wanda ya cika mudu ka riƙe shi, ko da ya ɗara da 'yan nairori. 'Yan acaɓa sun fi kowa sanin wannan, don tankinsu ƙarami ne, ido na ganin inda mai ya tsaya. Gidan da ka ga sun yi dafifi alhali ba shi ne mafi araha ba, akwai dalili.

Batun inganci kuwa, babban suna ba ya hana tsautsayi. A watan Fabrairu 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol daga Beljiyam, ya lalata injuna a Legas da Abuja, kuma ta babbar hanya ya shigo, ba ta bayan fage ba. Duk da haka, gidan da tanka ke yawan sauke masa kaya ya fi wanda mansa ke kwana makonni a rijiya, musamman da damina, lokacin da ruwa ke samun hanyar shiga. Kuma idan ka tarar ana kan sauke tanka, ka wuce, ka dawo bayan lakar ƙasan rijiyar ta kwanta.

'Yan bumburutu na ranar lalura ne kawai: mai ya ƙare maka da dare a Shika ko Ɗan Magaji, ka sayi kwalba ɗaya ka isa gida. Kada ka zuba wa sabuwar mota mai allurar feshi (injekta) ko janaretan shago man galan, domin ba ka san abin da aka gauraya masa ba, kuma ba ka da wanda za ka riƙe.

A kowane gida ka saya, ka karɓi rasit ko ka biya da POS don shaida ta kasance a hannunka. Hukumar NMDPRA, mai kula da harkar sayar da man fetur, ita ce ke da ikon auna famfo da rufe gidan da aka kama yana tauye mudu, kuma ƙorafin da ya zo da sunan gida, lambar famfo da ranar ciniki shi ne ake iya bibiya.